Jar Ƙasa a Bayan Buhu

Manomi ba ya kiran kaya da sunan da kamfani ya raɗa masa. Wannan na gane shi tun ina awon hatsi da tiya a bakin kasuwar Funtua, kafin in koma taki da maganin feshi, kafin Allah ya hore mini shago na kaina. Kamfani zai zauna ya zaɓo suna na Turanci mai tsawon igiyar guga, ya buga shi da manyan baƙaƙe, mutumin Mahuta kuma ya aiko ɗan acaɓa da saƙon a ba shi mai shuɗin murfi biyu da mai kore ɗaya. Har waɗanda suka yi boko haka suke yi. Ni kaina da ke sayarwa, in ka tambaye ni sunan wani maganin sai na juya kwalbar na duba. A wajenmu launi shi ne sunan kaya, shi ne kuma shaidarsa.

Saboda haka shekarar da na yanke shawarar fitar da irin masara da tambarina, ban wahalar da kaina kan suna ba. Launin buhun ne ya hana ni sukuni.

Irin dai na yarda da shi. Farar masara ce mai saurin nuna, tana jure jan-gargarin tudu, wuta-wuta ba ta cika kayar da ita ba. Wani dattijo Bamaguje a wani ƙauye bayan Maska shi ke noma mini ita, shi da matarsa da iyalinsa, a wata gona da ke nesa da masarar kowa don kada ta gauraya. Mun daɗe tare. Tun ina sayen dawa a hannunsa muke tsokanar juna, yana ce mini ɗan birni mai tsoron fartanya, ni ina ce masa Baba. Masu duba iri sun zo sun duba sun ba da izini. Abin da ya rage a zuba a ƙananan buhunan leda, a manna takarda mai hoto a gaba, a kai ƙauyuka kafin ruwan shuka. Mai sayar da iri kasuwarsa 'yan makonni ce a shekara. In ruwa ya sauka buhunka bai isa hannun manomi ba sai ka jira baɗi, iri kuwa ba ya kai baɗi da ƙarfinsa.

Na bi layin shagunanmu ina kallon kayan mutane, na tarar kowane launi da mai shi. Kore na masu taki ne da rabin kamfanonin ƙasar nan. Shuɗi na maganin ciyawa. Ruwan ɗorawa ya mutu a yankinmu tun da wani iri mai wannan launin ya ƙi tsirowa, har yau in manomi ya gan shi sai ya yi tsaki. Ja jawur alamar guba ce. Ga shi shekarar zaɓe, duk launi biyun da ka haɗa sai a ce ka shiga jam'iyyar su wane. Ina kan babur a hanyar Maska na tuna wanda ba kowa a kansa, wato launin ƙasarmu da safe bayan ruwan farko. Ba ja ba ce sosai, ba kuma ruwan ƙasa irin na tufafi ba. Tana da wani duhu mai kwantar da rai, wanda in manomi ya gani hannunsa ke ƙaiƙayin sungumi. Na ce shi ke nan, farar masara a kan wannan.

Akwai wani mai zane a kwamfuta kusa da tasha, mutum ne da ya doshi arba'in, malamin makaranta ne kafin ya buɗe shago. Shi ke yi wa gari kalandar biki da katin walima da fastocin 'yan takara. Malam nake ce masa. Yana da haƙuri irin mai ƙara wa mutum haushi, kana ɗaga murya yana murmushi, hannunsa na kan ɗan abin nan da suke ja a kan tebur, maus.

Na kai masa hoton da na ɗauka da wayata, hannuwan Baba riƙe da manyan goyon masara. A bayan hoton akwai rumbu da akuya da wani zane da aka shanya. Ya buɗe manhajar gyaran hoto ya shiga zagaye hannuwan da masarar, ya danna wani wuri, rumbu da akuya suka ɓace. Wurinsu ya koma 'yan gidaje fari da toka-toka a jere kamar na dara. Na tambaye shi wa ya ce ya sa wannan.

"Alhaji, ba komai ba ne," in ji shi. "Haka babu take a kwamfuta."

Na bar wannan ya wuce. Amma da na duba sosai sai na ga ya aske wa masarar gemu tas. Na ce masa masara ba gemu ai ta roba ce, irin wadda ake ajiyewa a falo. Ya ce gashi shi ne abu mafi wuya a aikinsu, shi ya sa yake son 'yan siyasa, su hula suke sawa. Ya dawo da gemun, ya faɗaɗa hoton har kowane sili ya zama kamar igiya, ya dinga bi yana share abin da ke tsakaninsu. Ina zaune a kan benci ƙafata ta yi sanyi. Aka ɗauke wuta, ya tashi ya tayar da janareta, ya dawo ya tarar rabin abin da ya share ya koma yadda yake. Ya sake farawa. Ni ne na yi masa tsakin.

Sai aka zo kan launi. Ya tambaye ni wanne nake so, na ce jar ƙasa bayan ruwan farko. Ya buɗe wani akwati da aka dama dukkan launukan duniya a ciki, ya ce in nuna. Na sa yatsa. Ya ɗauko wani ɗan bokiti a fuskar kwamfutar ya zuba a bayan masarar, sai ga tumatir. Na matsa ƙasa kaɗan, ya zuba, sai ga hanta. Na koma gefe, sai ga tukunyar da ta sha wuta. Duk wanda na nuna yana da kyau a ƙarƙashin yatsata, da zarar ya cika bayan hoton sai ya zama wani abu dabam. Kuma kowane zubi sai wani farin hazo ya fito a gefen gemun masarar kamar an barbaɗa gari, sai ya koma ya goge.

Ya ce da na zo da lambar launin da tuni mun gama, wai kowane launi a kwamfuta yana da lambarsa. Na ce masa shekaruna nawa ina taka ƙasar nan ban taɓa ganin lamba a jikinta ba.

Na fita salla. Da na dawo na tarar ya yi mini gwaninta. Ya sa sama shuɗiya, rana na fitowa da tsirkiya a bayan masarar, kore na sirkawa daga ƙasa yana haske yana hawa, can gefe ga wata tarakta da ko a mafarki Baba bai taɓa hawa ba. Ya nuna mini yadda ya jera su ɗaya kan ɗaya kamar tabarmi, yana iya janye wadda ya so ba tare da ya taɓa sauran ba. Na ce to ya janye duka. Ya ce launi ɗaya fayau a baya aikin ɗan koyo ne, mutane za su ce shi ya yi. Na ce masa mutumin da zai aiko daga Dandume ba zai ce a ba shi mai rana da tarakta da sama da ciyawa ba, kalma ɗaya zai faɗa wa ɗan acaɓa, ɗan acaɓan kuma yana sauri. Ya janye su, amma na ga ransa bai so ba.

Washegari na dawo da hujja. Na sa aka ɗebo mini ƙasa daga gonar Baba a leda, na zazzage ta a kan jarida a teburinsa, na fasa ruwan leda na yayyafa. Ƙamshinta ya cika shagon. Na ce ga abin da nake nufi. Ya janye kwamfutarsa gefe da sauri don kada ta jiƙe, ya ɗauki hoton ƙasar, ya shigar. Yana da wani abu a manhajar mai kama da ɗan tsinken ɗiga maganin ido, duk inda ya taɓa a hoto sai ya tsotso launin wurin. Na ce yau dai an zo wajen. Ya taɓa nan, ya fito baƙi-baƙi. Ya matsa kamar tsawon ƙwayar gero, ya fito ruwan goro. Ashe abin da ido ke gani launi ɗaya, a wajen kwamfuta taron launuka ne, kowace ƙwayar ƙasa da nata da na inuwarta. Muna cikin musu ƙasar ta fara bushewa tana yin fari, na sake yayyafa ruwa. Sai da muka mayar da teburin mutum kamar wajen kwaɓa, sannan muka tsaya a kan wani da na ce ya yi.

Ya turo mini a waya. Na fita da shi rana, na ga ya koma kamar jan bulo. Na nuna wa maiɗakina a tata wayar, a can ya yi duhu kamar zoɓo. Na kira Malam, ya ce kowace waya da irin ƙaryarta, tasa kwamfutar ce mai gaskiya. Ban gamsu ba, amma gawo ya fara zubar da ganye, hadari na haɗowa a gabas da yamma yana watsewa, manoma sun fara leƙowa suna tambaya ina irin da na yi ta ba su labari. Na ce a tura wa mai bugawa.

A Zariya aka buga. Ƙunshin ya iso a motar haya, na yanke igiyar a ƙofar shago. Masarar ta fito da kyau, gemunta sili-sili, hannuwan Baba har da tsagar fata. Bayan kuwa ba zan iya faɗin sunansa ba. Wani launi ne gurɓatacce, tsakanin ruwan hoda da toka da ƙasa, kamar ruwan da aka wanke jan kwano a ciki. Na tsaya riƙe da takardar ina juya ta ko haske ne.

Na kira Malam, ya ce fuskar kwamfuta da haske take yin launi, takarda kuma da tawada, ba sa taɓa zama ɗaya, amma wannan ya wuce misali, laifin inji ne. Na kira mai bugawa, ya ce abin da aka turo masa shi ya buga, in akwai magana in yi da mai zane. Na haɗa su a waya suka yi ta jefa wa juna kalmomin sana'arsu, kowa na cewa ranka ya daɗe, ba wanda ya ɗauki laifi. Mai bugawar ya ce in ina son a sake sai in bi layi, fastocin 'yan takara sun cika masa inji. A ranar aka yi ruwa mai ƙarfi daga Malumfashi har Dandume. Na tara mutanen gidana muka manna abin da muke da shi.

Kayan farko ƙauyen Baba na kai, don su ne suka noma. Ya karɓi buhu ya ga hannuwansa, ya ce ashe haka suka tsufa ba wanda ya gaya masa. Matarsa ta karɓa. Mace ce mai baki, ita ke riƙe da rabin gonar, ita ce kuma ke dafa burkutun da ake sha a ƙauyen ranar gayya. Ta miƙar da hannu ta kalli buhun daga nesa, ta kira maƙwabciyarta ta nuna mata, suka tuntsire da dariya.

"Alhaji, ashe kana leƙa tukunyata ban sani ba," ta ce. "Wanga ai ruwan burkutu ne, wanda ya kwana ya yi daidai sha."

Na ce mata ƙasar gonarsu ce. Ta dubi ƙasar da take tsaye a kai, ta dubi buhun, ta ce in haka ne to gonar ta bugu.

Kafin in koma Funtua sunan ya riga ni. Ɗan acaɓa zai tsaya a ƙofar shago ko injin bai kashe ba, gaban dattawan layi, ya ɗaga murya ya ce Alhaji a ba shi mai burkutu guda uku. Maƙwabcina mai taki ya samu abin yi, kullum sai ya tambaye ni ko da ƙwarya ake aunawa. Wasu masu kara suka fara cewa mai kunun kanwa don su rufa mini asiri, amma wannan sunan bai yi nisa ba. Har limamin unguwarmu da ya zo saye, ya tsaya yana neman yadda zai faɗa, daga ƙarshe ya nuna da baki ya ce, "Wancan dai." Na haɗiye. Ɗan kasuwa ba ya faɗa da sunan da ke kawo masa ciniki.

Irin ya yi kyau a wannan damina. Wanda ya shuka buhu ɗaya ya ce baɗi buhu biyar zai ɗauka. Baba ya faɗaɗa gonar, na ƙara wasu manoma biyu a kusa da shi. Ni kuma na ƙudurta cewa a shekara ta biyu zan gyara abin da ya ɓaci, tunda yanzu ina da lokaci.

Tun da rani na ɗauki Malam muka tafi Kano wajen wani mai sabon inji. Na tafi da ƙasata a leda. Muka zauna a gefen injin, a buga gwaji, in fita da shi rana in ajiye kusa da jiƙaƙƙiyar ƙasa, in dawo in ce a ƙara ja, a rage baƙi. Malam yana gyarawa a kwamfutarsa, mai injin yana haɗe rai. Har aka fito da wanda na ɗora ƙasar a kansa na kasa ganin inda ta ƙare. Wallahi ya yi kyau. Farar masarar ta fito a kansa kamar haƙoran amarya. Malam da kansa ya ce launi ɗaya fayau ashe yana da nasa kwarjinin. Na dawo gida raina fes, muka manna, na jera buhunan tun daga ƙasa har rufi, na zauna jiran ruwa.

Mutumin farko da ya zo daga wajen Mahuta ya ce a ba shi mai burkutu. Na miƙa masa sabon buhu. Ya juya shi, ya ajiye a kan kanta, ya ce ba wannan ba, na bara. Na ce shi ne, launin kawai aka gyara. Na nuna masa hannuwan, na nuna masa sunana, na farke buhu ɗaya na zuba masa ƙwayar a tafi. Ya duba ya ce ta yi kama. Ya yi godiya, ya ce zai zagayo. Na bi shi da ido har ya shiga shagon da ke gaba.

Ba zan ce ba shi da hujja ba. Shekarun nan an sha cutar manoma. Mutum zai sayi masarar tuwo a kasuwa, ya rina ta da ruwan hoda kamar an sa mata magani, ya zuba a buhun da aka kwaikwaya, sunan daidai, hoton daidai. Abin da ke tona asirin masu yin haka launi ne, don injinsu ba ya taɓa kamo na asali. Ni da bakina na sha gaya wa manoma su lura da launi, in ya sauya ko kaɗan su ajiye. Sun kuwa riƙe karatun. Cikin 'yan kwanaki magana ta zagaya kasuwannin ƙauye cewa an fara jabun mai burkutu, wai jabun ya fi na gasken kyau, wai har shagon Alhajin an shigar da shi bai sani ba. Masu ƙananan shagunan da na rarraba wa suka fara kira suna cewa in aiko a kwashe.

Na hau babur na tafi wajen Baba, don in ya yi magana za a ji. Na same shi yana gyaran sungumi. Na ce ya gaya wa mutanensa irin nan daga gonarsa ya fito. Ya ce ya gaya musu.

"To me suka ce?"

"Sun tambaye ni ko na san buhun. Na ce masarar da na ba ka na santa, buhu kuwa ban san shi ba. Ƙarya zan yi musu, ɗan birni?"

Na ce wannan fa shi ne ainihin launin ƙasar da yake zaune a kai. Ya ce ƙasa suna da ita, ba ita suka zo saye ba.

Na koma wajen Malam na ce ya dawo mini da mummunan launin bara. Ya buɗe tsohon aikin, sai ga jar ƙasa mai kyau a fuskar kwamfuta, kusan irin ta bana. Ya tuna mini cewa shi bai taɓa zana ruwan burkutu ba, inji ne ya haife shi. Muka kira mutumin Zariya. Cikin fara'a ya ce ai an gyara injin tun bayan zaɓe, wani bakin tawada ne ya toshe a lokacin, yanzu duk abin da muka turo haka zai fito. Wato wanda ya rantse bara cewa injinsa lafiya lau, shi ne yake mini albishir an gyara. Na kashe wayar kafin in faɗi abin da zan yi nadama.

Launin da duk yankin ke nema babu shi a kwamfuta, babu shi a inji. Sai mun ƙera kuskuren da hannu, kuma sai da abin kwatance. Na aika a nemo tsofaffin buhuna a ƙauyuka. Aka kawo wanda aka zuba kuka a ciki ya sha hayaƙin madafa, da wanda aka toshe taga da shi rana ta cinye shi ya koma fari, da wanda ya kwana a rumbu ɓera ya ci rabinsa. Ba biyu da suka yi kama. Malam ya buga mini gidaje-gidaje na launuka masu kusanci a takarda ɗaya, na zagaya da ita. Kowa na nuna nasa daban, kowa kuma yana rantsuwa. Matar Baba ta ce ita ba ta gane abu a ɗan gida kamar tafin jariri, in ina so ta cika mini ƙwarya in kai wa mai kwamfutar ya tsotsa da tsinkensa. Na ce mata ta bar shi, sunan ma ya ishe ni.

Ana cikin haka aka yi ruwan shuka. Masu sammako suka sayi irin wasu suka shuka. Ina zaune a shago buhuna sun kai rufi, ina jin ƙarar babura suna wucewa da kayan maƙwabta.

Maiɗakina ce ta fitar da ni. Ta ji ina faɗa a waya, ta tashi ta buɗe akwatin ƙarfenta na tufafi. Ashe ragowar takardun bara da suka yi saura ta manne su a cikin murfin don tsatsa, ba rana ba hayaƙi. Ta ce ba ta ga amfanin zubar da su ba, ko da yake ba kyau gare su ba. Ban tsaya ɓamɓarowa ba, na kwance murfin gaba ɗaya na ɗaure a bayan mota.

Haka muka shiga wajen mai bugawa na Zariya, ni da Malam da murfin akwati. Muka jingina shi a jikin injin. Malam ya buɗe jar ƙasata mai kyau, ya fara ɓata ta da gangan. A rage ja. A zuba toka. A ƙara ɗan ruwan hoda. A buga, in fita rana da takarda a hannu ɗaya murfi a ɗaya, in dawo in ce bai isa muni ba, a ƙara. Ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, kuma nawa idon ya san wannan launin sarai don ya shekara yana ƙinsa. Mai injin ya ce tunda yake bai taɓa ganin wanda ya zo daga wani gari don a lalata masa aiki ba. Da yamma muka samu wanda in ka ajiye shi kusa da murfin sai ka ƙura ido kafin ka raba su.

Da hannuna na manna sababbin a kan masu kyan. Ban bar wa kowa wannan aikin ba, ban kuma san dalili ba. Ina shafa kowace takarda da tafin hannu har jar ƙasar ta ɓace a ƙarƙashi.

Wani magidanci daga Dandume ne ya fara ɗauka. Ya fita da buhun bakin ƙofa, ya ɗaga shi a rana, ya karkata kai.

"Ya ɗan fi na bara duhu," ya ce. "Amma shi ne."

Bai farke ba, bai nemi ganin ƙwaya ba. Ya ɗauki abin da zai ɗauka ya ɗaure a babur. Daga ranar ciniki ya dawo, sai dai rabin masu shuka sun riga sun gama. Abin da ya yi saura ba ya ciyuwa ga mutum ko dabba tunda an sa masa magani, ba kuma zai kai baɗi ba. Na karɓi aron wata gona a hanyar Malumfashi na shuka shi a makare, ruwa ya ɗauke masara na fitar da gemu. Kara na samu, na ba masu shanu.

Bayan kaka Malam ya zo shagona da wata shawara. Ya ce tunda yanzu lambar launin na hannunsa, zai iya matsar da shi kaɗan-kaɗan kowace shekara zuwa wajen jar ƙasa, yadda ba wanda zai lura, wata rana sai mu wayi gari a inda nake so tun farko. Na dubi buhun da ke kan kanta. Har yanzu in na dube shi raina ɓaci yake yi. Na tuna mutumin Dandume da yadda ya karkata kai a rana.

Na ce, "Malam, kada ka taɓa shi. Ko ɗigo."